Gidan da Kyanwa Ba Ta Shekara

Jikata tana da kyanwa, kyanwar kuma tana da kwanonta, da ledar abincinta da ake kawowa takanas daga Sakkwato, da hoton wata kyanwar a jikin ledar tana lashe baki. Wai akwai na jarirai, akwai na manya, kuma ba a haɗawa. Kafin ta zuba sai ta juya bayan leda ta karanta, ta tambayi wayarta, ta auna da ɗan cokali. Ni da nake zaune a tabarma ina kallonta, ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar waya abin da ya dace da nawa cikin ba. Ina yin tsaki, ina faɗin abin da ya zo bakina, don abin yana ba ni haushi ƙwarai. Dabbar da Allah ya ba farce da haƙori an mai da ita amarya, ɓera ya gitta ta gabanta sai dai ta raka shi da ido. Amma duk mitar da nake yi, ban taɓa cewa yarinyar ta daina karanta ledar nan ba. Ina da dalili, kuma dalilin ya girmi uwarta.

A ƙauyenmu, can gefen kwalta tsakanin Malbaza da Galmi, mussa muke ce wa kyanwa, ɓera kuwa kusu, in suna da yawa kusa. Ba don ado ake ajiye ta ba, ma'aikaciya ce kamar jaki. Gidan da babu mussa, rumbunsa na kusa ne, masu gida sai abin da aka rage musu. Yanzu yara suna tashi da ƙarar waya da ta babura. Mu abin da ke tashe mu shi ne luguden taɓarya daga gida uku ko huɗu lokaci guda, kowane turmi da muryarsa, har kana iya gane wadda ta makara. Sai kukan jakin mai ruwa, sai gurnanin motocin siminti da suka yi lodi a masana'anta suna neman hawa tudu. Kafin rana ta yi tsawon mashi na share tsakar gida, na kai wa awaki dusa, na yi sawu biyu a rijiya, sannan na ɗauki fura a kai na nufi fadama wurin Baba. Ba wanda ya ce mini sannu, ni ma ban san ana cewa ba.

Mu gidan albasa ne. Baba yana da garka a fadama, yana da rudu uku, wato bukkokin da ake shanya albasa a ciki don ta kai lokacin tsada, kuma a zaurenmu fatake masu manyan motoci suke sauka. Warin albasa yana cikin tufafinmu, yana cikin gashinmu, har furarmu sai ka ji shi. Ita ce kuma maganin kome. Mai mura a ba shi albasa, wanda ya suma a shaƙa masa albasa, wanda kunama ta harba a goga masa albasa, lokacin zafi a sa wa yaro ita a aljihu. Baba yakan ce gidan da ke da albasa bai san hanyar likita ba, kuma ba wanda ya taɓa musa masa. Maƙwabtanmu miyarsu kuka ce da daddawa, sai ɗan gishiri. Tamu kuwa sai ka ture albasa gefe kafin ka iske ruwan miyar, ɗanya a sama, dafaffiya a ƙasa, ga gabu, busasshen ganyenta da aka daka, a tsakiya. Muna alfahari da haka ba kaɗan ba.

A cikin gidan nan Gwaggo take, yayar Baba, uba ɗaya uwa kowa da tasa. Ta yi aure a Badagishiri shekaru masu yawa, Allah bai ba ta haihuwa ba, da mijin ya rasu ta dawo gida aka ba ta ɗakin da ke kusa da rumbuna. Doguwa ce, mai faɗa, mai tsabta har ta ba da haushi. Amma duk jaririn da aka haifa a unguwarmu a bayanta ya yi barcinsa na fari mai daɗi. Mata sukan ajiye mata yara su tafi daka ko kasuwa, ka iske ta da ɗaya a baya, ɗaya a cinya, tana yi wa na uku tsawa. Ni kaina a ɗakinta na girma fiye da ɗakin Inna, mahaifiyata. Bayan yara kuma, ba abin da take so kamar mussa.

A kan ciyar da mussa ita da Baba ba su taɓa shiri ba. Shi yana tare da sauran mutanen gari, waɗanda suka ce a bar ta da yunwa.

"Yaya, mussa in ta ƙoshi ba ta kamun kusu," in ji shi. "Ki bat ta ta nemi na kanta."

"Kai in anka bar ka da yunwa kana iya ɗaukar buhu?" in ji ta. "Tahi garkarka, ka bar ni da ɗiyana."

A nan kam ita ke da gaskiya, kuma har gobe ina bayanta. Ranar kasuwa, in an sa nama a tukunya, Gwaggo ba ta cin rabonta. Sai ta tsame tsokar, ta yayyaga ta da yatsa, ta kwarara romo a kai, romon nan namu mai kauri da albasa ta narke a ciki, ta ajiye a ɗan kasko. Sauran ranaku ta jiƙa tuwo da miya ta dama. Mussar maƙwabta tana bin ƙadangare da fara a bayan danga, tamu tana cin abin da baƙon kirki ke ci.

Sai ga shi mussa ba ta shekara a gidanmu. Ta fari wata fara ce mai baƙin kunne, ta zo da ƙarfinta, ta yi wata biyar ko shida, sai ta fara kwanciya. Ka ɗaga leɓenta ka ga dasashin ya yi fari fat, numfashi sama-sama, fitsarinta ja kamar an jiƙa zoɓo. Gwaggo ta yi abin da kowa a gidan zai yi wa marar lafiya: ta daka albasa, ta tace ruwan a cikin romo, ta riƙe kanta tana ɗura mata da cokali, tana cewa, "Sha, ɗiyata, sha ki yi ƙarhi." Kwana uku ta mutu. Aka kawo 'yan jarirai biyu daga gidan liman, su ko wata biyu ba su rufa ba. Aka kawo wani namiji ja daga Konni, shi ma ya bi su. A tsakanin nan kusa suka samu gari. Suka huda rumbun gero ta ƙasa, suka ci waken iri, har tabarmar sallar Baba ba su bari ba. Inna tana mita, Baba yana mita, Gwaggo tana haƙa rami a bayan gida tana share ido da gefen zane.

Ina da shekara goma sha biyu ko kusa da haka, kuma Allah ya yi ni da baki. Wata safiya a rijiya, mata sun cika, wata ta tambaye ni ina jan mussan nan namu, kwana biyu ba ta gan shi bisa katanga ba. Ni kuwa ina son a yi dariya, don na lura in na yi magana manya sukan yi dariya. Na ce, "Ya mutu. Ai dut wadda Gwaggo tab ba abinci da hannunta, mutuwa takai." Ba wadda ta yi dariya. Sai ƙarar guga yana bugun gefen rijiya. Wata ta kalli wata, wata ta gyara goyonta. Na ɗauki tuluna na tafi gida ina jin haushin maganata ba ta yi armashi ba. Magana zarar bunu ce, an faɗa mini wannan tun ina ƙarama, amma na ɗauka da manya ake.

Ba wanda ya taɓa furta kalmar mayya a gaban Gwaggo. Da an furta ma da ya fi, don Gwaggo mai iya tsayawa tsakar gari ce ta wanke kanta. A'a, yi aka yi irin namu. Wadda ta saba kawo ɗanta ta ce yau za ta tafi da shi. Wata ta ce nata yana ƙiwuya. Yaran da ke cika ƙofar ɗakinta don ƙanzo aka fara kiransu daga nesa. Da wani mai hankali ya ce ai maita a nono ake shan ta, ga Baba kuwa lafiya lau, sai tsofaffin gari suka tuna masa cewa ba uwa ɗaya suke ba, uwar Gwaggo baƙuwa ce daga wani wuri da ba wanda ya san asalinta. Matar da ta mutu tun ba a yi kwalta ba, ita aka tono aka kafa shaida da ita. Mutanen da ba sa iya tuna inda suka ajiye lauje jiya, sai ga su da tarihin nonon shekara hamsin. 

Ana cikin haka ƙanena, wanda ke goye a lokacin, ya yi zazzaɓi. Zazzaɓi ne irin na kowane yaro a farkon damina, ya yi kwana huɗu ya tashi. Amma ranar da ya fara, a bayan Gwaggo ya yini. Inna mace ce mai kunya da kawaici. Sai dai washegari da Gwaggo ta miƙo hannu kamar kullum, Inna ta ce, "Bar shi, Yaya, yanzu yas sha nono, kada shi yi miki tumbuɗi." Jibi ma ta samo wani dalilin. Gwaggo ba yarinya ba ce. Ta mai da hannunta, ta goge shi a zane kamar ta taɓa wani abu, ta shiga ɗaki.

Kusa kuwa ba su san ana wannan ba, ci suke yi. Dole Baba ya sake samo 'yar mussa, baƙa wuluk, ƙarama har ana rufe ta da ƙwarya. Ya miƙo mini ita a tsakar gida, ya ɗaga murya yadda za a ji a kowane ɗaki, ya ce wannan tawa ce, ni kaɗai zan ba ta abinci. Bai kalli ɗakin yayarsa ba. Ni kuwa malalaciya ce a wannan fanni, ba ni da haƙurin yayyaga nama da dama tuwo. In mahauci ya yanka, na roƙo ɗan huhu ko guntun hanji na jefa mata ɗanye. In na dawo daga fadama na kamo mata fara a gefen zane. Wani lokaci kan busasshen kifi, wani lokaci ƙwan zabo da ya fashe. Miya kuwa ko sau ɗaya ban ba ta ba, ba don sani ba, don ni ma ina son abata. Sai ga 'yar baƙa tana girma, gashi yana sheƙi, tana hawa rudu tana sauka. Kafin kaka ta fara jera mana kusa a ƙofar rumbu kowace safiya. Ta yi shekara. Ta haihu ma.

Na so a ce abin farin ciki ne. Amma ga mutanen garinmu shaida ce ta cika: ga mussa huɗu a hannun Gwaggo sun mutu, ga ɗaya an raba ta da hannunta ta rayu. Wane alƙali ake jira kuma? Abin da ya fi ci mini rai, ita kanta Gwaggo ta yarda. Na ganta wata rana tana zaune a bakin ƙofa, 'yar baƙa ta zo tana goga jiki a ƙafarta, sai ta janye ƙafar a hankali, ta ɓoye hannayenta a cikin mayafi.

"Kore ta, ɗiyata," ta ce mini. "Ban san abin da Allah yas sa ma hannun ga nau ba. Kada in cuce ta."

Bayan an gama girbi ta ɗaure kayanta, ta ce za ta koma Badagishiri wurin dangin mijinta, wai ƙanensa ya daɗe yana kiranta. Baba bai kore ta ba, wannan gaskiya ne, kuma ya riƙa faɗin haka har ya koma ga Allah. Amma bai ce ta zauna ba. Ya tsaya a zaure yana duba bakin wani buhu da ba abin da ya same shi. Na ɗaukar mata ƙullin kaya har bakin kwalta. Da mota ta tsaya, na sunkuyar da kai don ta dafa ni kamar yadda ta saba in za ta sa mini albarka. Ta yi addu'ar, amma daga inda take tsaye.

Shekaru suka wuce, injin ban-ruwa ya shigo fadama daga Najeriya, aka daina jan ruwa da ƙwarya, yaran da aka hana zuwa ɗakin Gwaggo suka yi gemu. Aka yi mini aure a Malbaza, maigidana yana aiki a masana'antar siminti. Na tafi da hannun gidanmu, wato miyata ba ta rabuwa da albasa, na kuma samu mussa saboda kusan cikin gari sun fi na ƙauye rashin kunya. Ina goyon ɗana na biyu aka zo yi wa awakin unguwa allura. Likitan dabbobin wani siririn mutum ne mai tabarau da jakar fata. Ya gama da awakina yana wanke hannu, sai ya gan ni ina kwarara sauran romo a kasko, mussa tana jira.

"Uwar gida, minene wanga?"

Na ce romo ne, har da ɗan fahari, don ya san ba a rowa a gidana.

"Da albasa ciki?"

Na ce wane irin romo ne babu albasa.

Ya sa ƙafa ya ture kaskon gefe. Ya ce albasa da tafarnuwa guba ne ga mussa, ɗanya ko dafaffiya ko busasshiya, duk ɗaya. Ba a take suke kashewa ba, jininta suke ci a hankali, jaririya kuwa ba ta jure ko kaɗan. Ya ce mussa maciyar nama ce, ba cikinmu ɗaya da ita ba. In ina son ta, in ba ta nama ko kifi da ba a sa wa yaji da gishiri ba, ko dafaffen ƙwai, da ruwa mai kyau, ƙarama kuma a ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa. Ya fara faɗa mini alamun da zan gani in ta riga ta kamu, sai na ji bakina yana riga shi: dasashi fari, numfashi sama-sama, fitsari ja. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ashe na sani. Na ce masa a'a, gani dai na yi. Ya faɗi abin cikin taƙaitattun kalmomi, yana goge hannu da tsumma, kamar mai faɗin farashin goro. Ya ɗauki jakarsa ya shiga gida na gaba. Ni kuwa na zauna a ƙasa inda nake, na rasa wanda zan zaga, Baba, ko matan rijiya, ko bakina.

Ranar kasuwar Badagishiri na goyi yarona na shiga mota. Na iske ta a ɗaki na ƙarshe a gidan ƙanen mijinta, ta rame, idanun sun fara hazo, tana saƙa faifai da lalube. Matan gidan suka ce mini tsohuwa ce mai kirki, sai dai ba ta son yara, ko jariri aka miƙa mata sai ta ce hannunta yana ciwo. Ashe su ba su taɓa jin kome ba. Ba wanda ya bi ta da maganar, ita ta ɗauko ta da kanta ta zo da ita, ta riƙe ta duk shekarun nan.

Bayan gaisuwa na kasa yin kwana-kwana. Na faɗa mata abin da likita ya ce, duka. Na kuma faɗa mata abin da na ce a rijiya, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. 

"Albasa," ta ce.

Na ce ita.

"Albasar gidanmu? Wadda ni ka dakawa in ɗura musu?"

Na ce ita dai.

Ta ajiye faifan. Ta yi wani dogon tsaki irin nata na da, wanda rabona da jin sa tun ina yarinya. "Gari guda, da liman da ladan da masu hurhura, a rasa mai hankali ɗaya! Da ni cikinsu!" Ta juyo da fuskarta wajena. "Ke kuma da bakinki awa na reza, ai na san ke ta. Tun ranar anka hwaɗa mini." Hawaye kawai nake yi. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, a hankali, kamar mai roƙon abin da ba nata ba, "Mi kig goyo nan, mace ko namiji?"

Na kwance goyon na ɗora mata shi a cinya. Ta tallafe kansa, ta shafa bayansa, ta sunkuya tana shinshinar wuyansa. Yaron ya buɗe ido ya ga baƙuwar fuska, ya ƙwalla ƙara kamar yadda kowane yaro zai yi. Nan take na ga tsoron nan ya dawo mata. Ta ɗago shi da sauri tana miƙo mini, tana cewa, "Amshi, amshi abinki, kada wani abu..."

Na mai da hannayena baya na riƙe su gam.

"Yunwa yaka ji ko ƙiwuya, Gwaggo, ke kin hi ni sani," na ce. "Lallashe shi."

Yana ta kuka, ita tana ta miƙo shi, ni kuma na ƙi karɓa. Sai da ta gaji, ta jawo shi ta kwantar a kafaɗarta, ta fara jijjiga shi tana yi masa faɗa.